Tubali a Gari Biyu

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Nakan ɗauki biro, sai in tuna karatuna bai wuce firamare ba, in ajiye. Wani lokaci kuma tsoro ne ke hana ni, kada in faɗi abin da ba haka ya faru ba, domin shekaru sun ja, ni kuwa mutum ne da idan na ce Talata alhali Laraba ce, ranar abinci ba zai yi mini daɗi ba. Maiɗakina ce ta gaji da ganina da farar takarda a kan cinya, ta ce, "Malam, ko dai ka rubuta, ko ka ba ni takardar nan in ƙunshe daddawa." To, ga shi na fara. Ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda suka rasu ban nemi izininsu ba, masu rai kuma ina jin nauyinsu.

Sana'ata gyaran keken ɗinki. A ƙarshen shekarun tamanin ina zaune a Azare, a gidan haya, ni da maiɗakina da 'ya'yanmu biyu, ga kuma ciki tana ɗauke da shi. Da 'yar jakata ta kayan aiki nake bin kasuwanni, yau Gadau, gobe Udubo, wani makon Gololo, in kuma leƙa Katagum, garin da aka haife ni. Duk inda tela yake, akwai abincina a wurin. Wato aiki ba zai zaɓa mini garin zama ba, kuma wannan shi ne farkon wahalata.

Bayan an gama kaka, Alhajin da muke haya a gidansa ya kira ni zaure. Ya daɗe yana gaishe ni, har na gane akwai magana. Ya ce babban ɗansa zai yi aure, kuma ɗakunan da muke ciki su ya yi masa niyya. "Ba korarka nake yi ba, Malam," in ji shi. "Ka zauna har rani ya ƙare. Amma kafin ruwa ya sauka ina so a gyara wurin." Na yi godiya, na fito. Abin da ke gabana ke nan: kafin damina, sai in samar wa mace mai ciki da yara biyu rufin da za su fake.

Wuri ba shi ne matsala ba, domin wurare biyu nake da su. A Katagum akwai kangon gidan mahaifina, yana hannun Baffa, ƙaninsa, wanda tun rasuwar mahaifin namu shi ne uba a gare ni. A Azare kuma yayan maiɗakina ya taimaka mini na sami fili a bakin gari, inda gidaje suka ƙare gonaki suka fara. A bakin mutanenmu garuruwan nan biyu maƙwabta ne, ɗaya uwa ɗaya ɗa, ko da yake a motar kasuwa ta wancan lokaci sai ka ci rabin yini a tsakaninsu.

A cikin motar nan na gina gidaje da yawa. Da zarar an cusa mu a baya tare da buhuna, mota ta fara rangaji, sai in lumshe ido in ga gidana na Katagum. Ƙofarsa tana kallon kogi. Da sassafe wani farin tururi yakan kwanta a kan ruwa, masunta su riƙa ɓullowa daga cikinsa kamar daga wata duniya suke dawowa, ƙamshin bandar kifi ya cika unguwa. A can kowa ya san kakana. Idan na yi tari da safe, kafin hantsi an aiko mini da magani daga gida uku. Ina cikin wannan daɗi sai in tuna da sauro, in tuna shekarar da ruwa ya shigo gari muna yara, aka ɗora mu a kan rumbu. In tambayi kaina, idan naƙuda ta zo da gardama fa, ga kogi ya cika?

Sai in juya fuska, in gina na Azare. Shi kuma a ƙarƙashin itacen maina yake, inuwa ta rufe tsakar gida, ga waya an ja an saƙala ƙwan lantarki a zaure. Yara za su tafi makaranta da ƙafarsu. Asibiti yana nan. Ga shagon abokina, wani Ibo da ya fi shekara ashirin a garin, wanda a wurinsa nake sayen allura da bel da man keke. Amma a Azare ni baƙo ne mai cin arzikin surukai. Idan na mutu a can, wa zai tsaya a kaina? Kuma wane ido zan kalli Baffa da shi, in ce na bar kangon ubana ga jemagu?

Haka nake yi har mota ta tsaya, in sauko da gida biyu a kai, babu ko ɗaya a ƙasa.

Na yi istihara kamar yadda aka koya mana. Abin da na gani shi ne gida ɗaya dogo, zaurensa a Azare, ina jin ƙarar kekunan teloli, na ratsa tsakar gida na buɗe ƙofar baya, sai ga kogin Katagum yana lasar dokin ƙofa. Na kai wa malaminmu, ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Wannan ba amsa ba ce, kai ne dai ka bi kanka har cikin barci."

Ga wanda bai san gininmu na ƙasa ba, da rani ake yin tubali. A haƙo ƙasa, a jiƙa ta, a zuba yankakkiyar ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa, sannan a cura da hannu ɗaya bayan ɗaya, a jera a rana. Idan ya bushe yakan yi tauri har ka hau kansa. Amma muddin bai shiga bango an yi masa rufi ba, ruwan sama guda mai ƙarfi ya isa ya mayar da shi inda ya fito. Shi ya sa mai niyyar gini ba ya wasa da rani.

Da na ga sanyi ya fara ja baya ban tsayar da magana ba, sai wata dabara ta zo mini, har na ji daɗin kaina. Na ce bari in yi tubali a garuruwan biyu. Duk wanda zuciyata ta kwanta da shi daga baya, kayan gini na nan suna jira, ban yi asarar rani ba. A ganina wannan shi ne tsantseni.

Abin da ban lissafa ba shi ne, talaka ba ya yin tubalin gida shi kaɗai. Gayya ake kira.

A Katagum, ina faɗa wa Baffa ina son a yi tubali, bai bari na kai ƙarshen zancen ba. Ya tashi da kansa ya zaga dangi. Ranar gayya kango ya cika, mata suka dama kunu a manyan tukwane, tsofaffin da ba sa iya tattaka ƙasa suka zauna a inuwa suna ba da umarni. Taubashina, ɗan gwaggona, wanda tun muna yara ba ya raga mini, yana cikin laka har gwiwa yana ɗaga murya.

"Jama'a, ku cura da kyau! Gidan Sarkin Shakka ne. Ku yi masa ƙofa biyu, kada ya tsaya a zaure yana tunanin ta inda zai fita."

"Kai dai yi aiki, bawa," na ce masa. "Kunun da ka sha ya fi tubalin da ka yi."

"Bawan wa? Ni da zan auri 'yarka in ta girma, in raba ka da ita!"

Baffa yana gefe a kan buzu, yana jan carbi yana murmushi. Da yamma ya kama hannuna, ya zaga da ni cikin layukan tubali, ya nuna mini inda ɗakin mahaifina yake a da. Ya ce, "Nan za ka sa naka, ɗan nan." Na ce to. Me zan ce?

Bayan mako biyu aka yi ta Azare. Surukina, yayan maiɗakina, ya kira maƙwabta, telolin da nake yi wa gyara suka rufe shaguna suka zo. Har abokina Ibo ya zo, ya naɗe wando ya faɗa cikin laka, yana tattakawa yana haki.

"Malam, wannan tuwon naku ya yi tauri," in ji shi. "Ina miyar?"

"Miyar sai an gama gini, Oga."

"To ka yi sauri. Na gaji da bin ka gidan haya ina sallama kamar mai neman aure."

Da rana ta faɗi na tsaya ni kaɗai a filin, ina kallon tubali a jere kamar garken tumaki sun kwanta. A nan abin ya faɗo mini. Da can tsakanin gari biyu nake zaɓe. Yanzu kuwa duk inda na gina, na zubar da gumin mutanen ɗaya garin, mutanen da suka bar aikinsu suka shiga laka saboda ni, ba don ko kwabo ba. Gumin gayya amana ne. Dabarar da na yi don in sauƙaƙa wa kaina, ita ta ɗaure ni hannu da ƙafa.

Tubali ya bushe, aka tara shi tsibi a can, aka tara a nan. Bazara ta shigo da zafinta. Ni kuwa ina ta kai da kawowa, in je Katagum in zauna a kan tsibin can in ji kamar na iso gida, in dawo Azare in zauna a kan na nan in ji haka. Maginin da surukina ya yi wa magana ya zo mini har sau nawa. A zuwansa na ƙarshe bai ko zauna ba.

"Malam, hadari ba ya sallama," ya ce. "Ka ga iskar nan ta juya? In ba ka shirya ba, ka sallame ni in kama na wani."

Na roƙe shi ya ƙara mini kwanaki kaɗan.

Na tambayi maiɗakina ra'ayinta ba sau ɗaya ba. Ranar da na matsa mata, tana tankaɗe, ta ajiye rariya ta dube ni.

"Malam, so kake in ce Azare, gobe danginka su ce na janye musu ɗa zuwa garinmu? Ko in ce Katagum, in wani abu ya same ni a can ka ce ni na zaɓa? Ba za ka rataya mini wannan ba. Ni dai ka ga cikin nan. Ba ya jiran istihara. Ko a kan bishiya ka gina, in dai akwai rufi, zan hau."

Washegari na hau mota zuwa Katagum, da niyyar ba zan dawo ba sai da magana ɗaya, ko da yake har muka isa ban san wace ce ba.

Kwana biyu na yi ina zagaya Baffa, in buɗe baki sai in tambaye shi lafiyar ƙafarsa. A rana ta biyu da la'asar na je kango na hau tsibin tubali na zauna. Garin ya yi tsit, ko ganye ba ya motsi. Can kudu, nesa ƙwarai, sama ta yi baƙi kamar an shafa mata shuni, walƙiya tana wasa a ciki ba tare da ƙara ba. Sai wata iska mai sanyi ta taso daga can, ɗauke da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. A Katagum ko ɗigo bai sauka ba. Na zauna ina kallo kamar ba ni da komai a kudun.

Washegari direban motar kasuwa ya iso, tayoyinsa duk laka. Tun kafin ya kashe mota yake ba da labari. "Jiya Azare an sha ruwa kamar da bakin ƙwarya! Har katangu sun faɗi."

Taubashina ya dafa kafaɗata. "Shi ke nan, an hutar da kai. Ruwa ya yi maka zaɓe. Barka da zuwa gida."

Gaskiya ya faɗa, kuma ya kamata in ji sanyi a raina. Tubalin Azare ya narke, ba da hannuna ba, babu wanda zai zarge ni. Amma abin da na ji daban ne. Ji na yi kamar an yi mini rasuwa. Na ga maiɗakina a kwale-kwale cikin naƙuda. Na ga inuwar mainar nan da ban taɓa zama a ƙarƙashinta ba sai a mota, na ji kamar an sare ta. Wata da watanni ina tambayar zuciyata ta ƙi magana, sai da aka ce Azare ta fita daga hannuna sannan ta amsa. Na shiga motar nan da ta juya, ban ko yi wa Baffa sallama ta kirki ba.

Ban biya gida ba, filin na wuce kai tsaye, ina tsallake kwatami. Na shirya ganin tudun laka. Da na hango wurin sai na tsaya, na ɗauka ɓatan hanya na yi, domin a inda tsibina yake wata ƙatuwar bukka na gani. Na matsa kusa. Ba bukka ba ce, tubalina ne aka lulluɓe da bunu da tsofaffin zana, an jera su daga ƙasa zuwa sama yadda ruwa zai zame, an ɗaure da igiya, an ja 'yar hanyar ruwa a kewaye. A can ƙoli an kifa wani tsohon turmi don kada iska ta yaye. Na zura hannu ta ƙarƙashi. A bushe yake, har da ɗumin rana a jikinsa. Layin ƙasa kawai ya jiƙe.

Na zauna a cikin laka da rigata ta zuwa unguwa, na daɗe ban tashi ba.

Ranar nan na nemo magini. Aka ja igiya aka fara. Ɗaki biyu kawai muka tayar da ɗan zagaye, muna yi muna kallon sama, kullum da yamma mu rufe kan bango da bunun nan. Allah ya sa bayan ruwan farko aka yi ɗan fari. Aka ɗora azara, aka buga kwano, muka tare ko yaɓe ba a gama ba. A ɗakin nan aka yi wankan jegon 'yarmu ta uku, ruwa yana dukan kwano har ba a jin kukanta.

Kafin mu tare na koma wurin Baffa, na durƙusa na faɗa masa. Ya ci gaba da jan carbinsa.

"Tubalin fa, Baffa?" na ce. "Mutane sun wahala."

"Ƙasar Katagum ce," ya ce. "Ba inda za ta je."

Bai yi mini faɗa ba, amma a daminar nan duk gaisuwar da na aika, amsarta gajeriya ce. Sai da aka kai masa jaririyar ya sake. Tubalin kuwa, wasu sun ɗiba sun toshe katangunsu, sauran ruwa ya narkar da shi ya zama tudu. Har yau yana nan, awaki suna hawa. Duk sanda na je, taubashina yakan ce, "Zo ka ga gidanka, 'yan haya sun ƙi biya." Ni kuma har yanzu, in mota ta fara rangaji na lumshe ido, nakan shiga gidan nan da ban gina ba. Na san inda randa take a cikinsa.

Saura maganar wanda ya rufe mini tubali. Na fara da surukina, ya ce shi yana kasuwa ruwan ya tare shi, har ya yi ta salati don ya san an yi asara. Telolin suka ce ba su ba ne. Abokina Ibo ya ce, "Ni da ban iya ɗaura ko zanen matata ba?" Magini ne ya juya bunun ya duba ɗaurin, ya ce wannan hannun Fulani ne. Sai na tuna, a bayan filina, a gonar wani, akwai makiyaya da suka yi zaman rani, shanunsu suna taka gonar suna bar mata taki. Nakan hango hayaƙinsu da fararen shanunsu da yamma. Ban taɓa zuwa na gaishe su ba, iyakata in riƙa fargabar kada shanun su tattake mini kaya. Al'adarsu ce da ruwa ya sauka su bar gona ga mai shuka. Na je wurin, babu kowa, sai zagayen da bukkoki suka bari a ƙasa da toka a murhu. Ashe da suka ga hadari suka kwance bukkokinsu, maimakon su bar bunun a nan, sai suka ɗauko shi suka rufe tubalin mutumin da ko sannu bai taɓa ce musu ba.

Mai gonar ya rasu ba da daɗewa ba. Ɗansa ya ce yana jin daga wajen Udubo suka zo, wata mai tallar nono kuma ta ce a'a, mutanen Gololo ne. Na yi shekaru ina tambaya a kasuwannin nan biyu, ban dace ba.

Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, musamman mutanen ƙasar Gamawa da Gadau da rugagen da ke kewaye. Ko akwai wanda ya taɓa jin iyayensa ko kakanninsa suna ba da labarin wani rani da suka yi a bakin Azare, a ƙarshen shekarun tamanin, suka tashi ranar ruwan farko suka bar bukkokinsu a kan tubalin wani? Turmin yana wurina. Na itacen ƙirya ne, ya tsage ta gefe ɗaya an ɗaure tsagin da fata, a gindinsa kuma an ƙona alama kamar sawun kaza. Na san akwai wata tsohuwa da za ta gane turminta. Idan an san su, ko 'ya'yansu, ko inda suka koma, a taimaka a aiko da labari layin teloli a kasuwar Azare, a ce a faɗa wa tsohon nan mai gyaran keke. Ina so in san mutanen da na shekara talatin da wani abu ina kwana a cikin alherinsu, in je in gaishe su tun ƙafata tana iya hawa mota.